Madubin Zafi da Akuyar Hajiya Barakatu

Ranar da Yahya ya karɓi madubin, sai da Usta Salihu ya biyo shi har bakin mota ya maimaita masa magana ɗaya.

"Kada ka kwance shi daga kan bindigar. In ka kwance, saitin ya tafi. Sai ka dawo mu sake daga farko."

"Halas, Usta, na ji."

"Ka ji da kunne. Ina so ka riƙe."

Yahya ya yi dariya ya rufe but.

Haifaffen Jidda ne Yahya, a unguwar Madain Fahd ya tashi, a nan ya yi aure. Kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Shekarar Yahya arba'in da uku, aikinsa kula da direbobin tankar ruwa a wani kamfani, amma ba da wannan abokansa suka san shi ba. Da harbi suka san shi. Yana da bindigarsa mai takardu, kuma in aka fita bayan gari aka jera gwangwanaye, shi ne yake zama na ƙarshe da ake jira a ga abin da zai yi. Yana son wannan suna fiye da yadda yake nunawa.

Shi kuwa Usta Salihu dattijo ne, Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno. Da can agogo da kamara yake gyarawa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aiki a wani kantin kayan zango da farauta a unguwar Waziriyya, a ƙarƙashin mai kantin, Raed, wanda shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama a ƙasar. Duk wanda ya sayi madubin bindiga a wannan yanki, wurin Usta yake kai shi a ɗaura masa.

Abin da ya sa Yahya ya sayi madubin, karnuka ne. Yayan matarsa, Abdulmohsen, yana da garken tumaki da awaki a gabashin Jidda, tafiyar awa guda a mota. Wasu karnuka marasa masu suka gano garken. Cikin wata ɗaya sun kashe 'yan awaki huɗu, kuma da dare suke zuwa. In an haska fitila su ɓace, in an kashe su dawo. Da aka yi zancen a gidan surukarsa, Yahya ne ya ce a bar masa.

Madubin ba irin na rana ba ne. Mutanen kanti suna ce masa darbil harari, wato madubi mai ganin zafin jiki. Ba ruwansa da haske. Duk abin da yake da ɗumi sai ya fito fari tas a cikin baƙin duhu, ko da ɓera ne a gindin ciyawa.

Wata Talata bayan la'asar suka fita filin gwajin harbi shi da Usta. Dattijon ya ɗumama wani ɗan ƙarfe kamar kwabo da ashana, ya manna shi a tsakiyar kwali, ya auna taku sittin. Yahya ya harba uku. Suka taka suka duba, duk ukun sun sauka ƙasa da hagu. Usta ya dawo ya danna maɓallan madubin a hankali, yana lissafi a bakinsa. Aka sake uku. Aka sake. Sai a karo na huɗu harsasan suka taru a kan ƙarfen, har biyu suka shiga rami ɗaya.

Suna tattara kaya Usta yana yi masa karatu. Kada ya goge gilashin da bakin riga ko da rawanin kansa. Ya fara hure ƙurar tukuna, sannan ya shafa da ƙyallen da ke cikin jakar. Kada ya juya shi ga rana. In ya fito da shi daga sanyin mota zuwa wannan iskar Jidda mai ɗauke da ruwa, ya bar shi a jaka ya huce, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. In ya gama aiki ya cire batir. Yahya yana ta cewa "tayyib, tayyib", hankalinsa yana kan ramin nan da harsashi biyu suka shiga.

Kashegari bayan isha'i abokansa huɗu suka zo shan shayi. Labarin madubin ya riga ya kai musu. Ɗaya ya ce shi fa bai yarda akwai abin da ke gani cikin duhu haka ba, sai ya gani da idonsa. Yahya ba zai fito da bindiga falo a dinga miƙa ta hannu zuwa hannu ba, wannan kam ya sani. Sai ya shiga ɗaki ya zauna a kan darduma, ya ɗauko ɗan makullin kwance noti da ya zo cikin kwalin madubin.

Matarsa Mastura ta leƙo da tire a hannu. Abu Lina take kiransa, wato baban Lina, 'yarsu.

"Abu Lina, ba kai ka ce an hana ka kwancewa ba?"

"Noti huɗu ne kawai. Yadda na cire haka zan mayar."

Ta dube shi, ta wuce da tirenta.

Sun sha dariya a daren. Aka kashe fitilar falo, aka dinga kallon juna. Kofin shayi ya fito kamar garwashi. Wani ya dafa bango ya ɗauke hannu, sai ga tafinsa fari a jikin bangon yana dusashewa sannu a hankali. Suka leƙa ta baranda suka hango kyanwa kwance ƙarƙashin mota. Wanda ya yi gardamar nan ya tsaya bayan gilashin ƙofa, madubin ya kasa ganinsa, ya dinga ihu wai ya ci. Da suka watse Yahya ya mayar da madubin kan bindiga, ya ɗaure notocin da ƙarfinsa, ya girgiza ya ji ba ya motsi. Ya ce a ransa zai biya filin gwaji gobe ya harba ko uku ne. Gobe ta zo da tanka biyu da suka lalace a hanya, bai bar ofis ba sai dab da magariba.

A daren Alhamis ɗin suka isa garken shi da Abdulmohsen. Makiyayin, Malam Bilal, ya tarbe su da gahawa. Ya nuna musu inda karnukan ke ɓullowa, ta wani kwari a arewa, su bi jikin waya har kusurwar da ƙasa ta zaizaye. A wannan kusurwa akwai ɗan keɓaɓɓen shinge, a ciki akuya ɗaya da 'ya'yanta biyu.

"Ta Hajiya ce," in ji Malam Bilal. "Na ware ta saboda manyan suna ture 'ya'yan."

Yahya ya san akuyar. Samra ake ce mata. Ta Hajiya Barakatu ce, mahaifiyar Mastura da Abdulmohsen, kuma jikar wata akuya ce da marigayi mijinta ya bari. Nonon Samra ne kaɗai Hajiya ke sha. Sau biyu a mako Abdulmohsen yake kai mata shi gidanta a unguwar Mahjar a cikin kula.

Suka hau rufin ɗakin dusa. Iska ba ta motsi, gumi yana bin bayan Yahya. Ya kwanta ruf da ciki, ya ɗora bindigar a kan buhu, ya kunna madubin. Garken ya bayyana a gabansa kamar an zuba auduga a baƙin tire: tumaki a kwance a cure, raƙumin maƙwabta can nesa, duwatsun da suka sha rana suna nuna sauran ɗuminsu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ya gan su. Uku ne, suna tafe a jere ta kwarin. Biyu suka tsaya nesa. Babban ya biyo waya har kusurwa, ya sa hanci a ƙasa ya fara tono. Samra ta miƙe tsaye a cikin shingenta, tsakaninta da karen bai fi kamu uku ba.

Yahya ya ga kusancin. Wani abu a ransa ya ce ya jira karen ya matsa. Amma Abdulmohsen yana gefensa yana raɗa, "Ka gan shi? Yalla, ya Yahya," kuma alamar madubin tana zaune daram a kan kafaɗar karen. Ya riƙe numfashi ya ja.

Karen ya yi tsalle ya zura a guje, lafiyarsa ƙalau. Farin da ke bayan waya ne ya durƙushe.

Kukan da ta yi bai yi kama da na akuya ba. Malam Bilal ya riga su dira ƙasa, yana gudu yana zaro wuƙa daga ƙugunsa. Da suka iso da tocila, sun same shi durƙushe ya juya ta ga alƙibla. Harsashin ya shiga ta bayan haƙarƙari. Ya ɗago ya dubi Abdulmohsen, Abdulmohsen ya gyaɗa kai, Malam Bilal ya yi bisimilla ya yanka. 'Ya'yan biyu suka maƙale a jikin waya suna kuka.

Sannan Abdulmohsen ya juyo da tocilar.

"Yaya aka yi haka?"

"A kan karen na ɗora," in ji Yahya. "Wallahi a kan kafaɗarsa na ɗora."

"To me ya kai harsashi nan?"

"Saitin ne. Saitin ba daidai yake ba."

"Wa ya saita?"

Tocilar tana kan fuskar Yahya.

"Usta Salihu."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kalma bayan kalma. Ya dinga maimaita wa kansa haka a hanyar komowa, naman Samra yana bayan mota cikin kula, 'ya'yanta suna kuka a kwali a kujerar baya. Bai yi ƙarya ba. Abu ɗaya kawai ya bari bai faɗa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka hallara gidan Hajiya a Mahjar kamar kullum. Yahya ya so ya ce ba shi da lafiya, bai sami fuska ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, idonsa a kan tabarma. Ta riga ta ji labari. Tana zaune da ɗaya daga 'yan akuyar a cinyarta, tana ba shi madara da bulunboti.

"Tashi, ɗana, tashi. Kwananta ne ya ƙare. Kai taimako ka je yi. Wanda ya ɓata maka kayan aiki shi ne da abin faɗa, shi ma Allah ya yafe masa."

Da aka kawo abinci, ita da kanta ta sa aka tura masa hanta gabansa, wai shi ne ya kwana a waje. Ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna, ya tauna, ta ƙi wucewa. Mastura tana can gefen mata. Sau ɗaya idonsu ya haɗu, ita ce ta fara kawar da kai.

Abdulmohsen ba mutum ba ne mai barin magana ta kwana biyu. Asabar da yamma ya zo ƙofar gida ya yi hon.

"Ɗauko bindigar. Za mu Waziriyya."

"Yaya, a bar maganar nan. Ni zan je in same shi."

"Kai kunyarsa kake ji. Ni ba na ji. Yalla."

Kantin cike yake, lokacin fita zango ya kusa. Raed yana kan kujerarsa bayan kanta, Usta Salihu yana can ƙurya a teburinsa da fitila a kansa. Abdulmohsen ya aza akwatin bindigar a kan kanta ya fara, rabi Larabci rabi Hausa, muryarsa har titi. Ya ce an ba su saitin banza. Ya ce akuyar mahaifiyarsa ce ta mutu, amma da makiyayinsa ne a tsaye a wurin fa? Ya ce in tsufa ya ci idon mutum, ya ajiye aiki ya ba masu gani. Mutane suka bar abin da suke dubawa suka juyo.

Usta ya taso a hankali. Ya buɗe akwatin, ya duba ya tabbatar ba harsashi a ciki, ya kai bindigar ƙarƙashin fitilarsa. Ya sa ɗan gilashinsa na masu gyaran agogo a ido ɗaya ya sunkuya kan notocin. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, ba Abdulmohsen ya duba ba, Yahya ya duba. Kallon bai fi na numfashi biyu ba. Yahya ya mai da idonsa kan wasu tukwanen gas da ke jere a ƙasa.

"Mai yiwuwa daga wurina ne," in ji Usta. "Ku yi haƙuri. Ku gaya wa Hajiya ta yi haƙuri."

Raed ya ba Abdulmohsen baki, ya raka su har waje. Suna fita Yahya ya ji Raed yana ce wa Usta da Larabci, daga yau ya bar teburin nan, ya koma sito tukuna har a ga abin da za a yi.

A gida ya shige ɗaki ya rufe. Ya fito da bindigar ya kai ta bakin taga, yana so ya ga abin da dattijon ya tsaya kallo. Da farko bai ga komai ba. Sai da ya karkata ta ga haske ya lura: a kan kowane noti akwai ɗan siririn layi na jan fenti, bai fi kaurin gashi biyu ba, wanda aka ja daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da ke riƙe da madubin. Da notocin suna inda Usta ya bar su, layin zai zama ɗaya miƙaƙƙe. Yanzu duk huɗun sun rabu, rabi yana nan, rabi ya juya can. Ɗaya ma har da ƙujewar da makullinsa ya yi.

Ya zauna a bakin gado. Wato tun kallon farko mutumin ya sani. Yana riƙe da shaida a hannunsa, a gaban kafilinsa da cikin jama'a, ana ce masa makaho, ya mayar da ita akwati ya rufe.

Mastura ta turo ƙofa ta shigo, ta tsaya jikin kabad.

"An je?"

"An je."

"Me ya ce?"

"Ya ce laifinsa ne."

Sai ta ce, "Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Ba ni zan tona ka ba. Amma ka sani, jiya Umma tana ta yi maka addu'a, ni kuma na kasa cewa amin da ƙarfi. Gidan uwata ne, Abu Lina. Yanzu ni ma in na shiga sai in ji kamar na saci wani abu."

Ta ɗauki abin da ta zo ɗauka ta fita.

Kwana uku yana zuwa aiki yana dawowa. Direba ya zo masa da ƙaryar cewa taya ce ta fashe shi ya sa ya makara, Yahya ya buɗe baki zai yi masa faɗa, sai ya ji ba shi da ƙarfin yi, ya ce ya tafi kawai. Ranar Talata ya bi ta Waziriyya. Ya wuce kantin bai tsaya ba. Ya zagayo ta layin baya, sai ya hango Usta a ƙofar sito, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana sauke buhunan gawayi daga mota tare da wasu ma'aikata. Ya sake wucewa. Sai a zagaye na uku ya faka.

"Salamu alaikum, Usta."

"Wa alaikumus salam." Ya ajiye buhun ya goge hannu a jikin wando.

"Ni na kwance shi. Ranar Laraba. Na nuna wa abokaina, na mayar da kaina, ban gwada ba."

"Na sani."

"Na ga fentin."

"To."

Yahya ya yi zaton in ya faɗa zai ji sauƙi, sai ya ji nauyin ya ƙaru.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Usta? Yana hannunka."

Dattijon ya zauna a kan wani kwali, ya ciro ruwa ya kurɓa.

"Yayan matarka yana tsaye. In na faɗa a wurin, ba kai kaɗai zan kunyata ba, har da 'yar mutane da ke gidanka. Na ce bari in ba ka kwana biyu, ko za ka zo da ƙafarka." Ya rufe gorar. "Wannan ɗaya ke nan. Na biyun kuma, kada in yi maka ƙaryar waliyyi. Tsoro na ji. Ku 'yan gari ne, ni iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, saura wata biyu a sabunta. In na ce ɗan gari ya yi ƙarya, ban san wa za a gaskata ba."

Wannan ta biyun ita ta fi dukan Yahya. Harshensu ɗaya, kakanninsu daga ƙasa ɗaya suka fito, amma bai taɓa tsayawa ya ga cewa shi da Usta ba a tudu ɗaya suke tsaye ba. Kuma ko bai yi tunanin haka a fili ba, a daren nan da tocila ke kan fuskarsa, sunan da ya fi sauƙin jefawa ya jefa.

"Ka yafe mini."

"Ni tawa mai sauƙi ce, na yafe. Amma abin da ka kawo mini nan bayan sito, ni na riga na san shi. Waɗanda ba su sani ba suna ciki."

Yahya ya shiga ta ƙofar gaba. Akwai mutum biyar ko shida a kantin. Ya so ya ja Raed gefe, sai ya tuna ba a gefe aka yi wancan ba. Ya tsaya a gaban kanta ya faɗa da muryar da kowa zai ji, ya faɗi batun notocin, da fentin, da gargaɗin da aka yi masa har bakin mota. Wani saurayi mai duba tanti ya yi 'yar dariya ya rufe baki. Raed ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kana tsaye a nan ranar Asabar," ya ce.

"Ina tsaye."

"Subhanallah." Ya aika a kira Usta daga sito.

Abdulmohsen a waya ya fara ji, don Yahya bai iya jira ya gan shi ba.

"Ka bar ni na zagi sa'an ubana a gaban mutane," in ji Abdulmohsen. "Kana gefena kana kallon ƙasa. Akuya ba komai ba ce, ya Yahya. Ni ka mayar wawa." Ya kashe.

Saura Hajiya. Ya je da safe, lokacin da ya san ba kowa sai ita. Ya durƙusa inda ya saba, ya faɗa mata duka. Tana sauraro tana jan carbi, 'yan akuyar suna tsalle a tsakar gida. Da ya gama ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce ya tashi ba.

"Mutumin nan yana da iyali?"

"Yana da su, Hajiya. A Sudan wasu, wasu a nan."

"Kuma ni na zauna a nan na ce Allah ya yafe masa, a kan abin da bai yi ba." Ta ajiye carbin. "Gobe bayan la'asar ka zo da mota."

Kashegari ya same ta a shirye cikin baƙar abaya, da sandarta, da babbar kula da ta sa aka cika da shinkafa da kaza. Hajiya ta fi shekara ba ta fita in ba asibiti ba. Ya buɗe mata baya ta shiga. Ta ce masa Waziriyya za su.

Matakala uku ne a ƙofar kantin, ta hau su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi ya riƙe ta. Usta yana teburinsa, fitila a kunne. Da ya ga tsohuwa ta nufo shi ya miƙe da sauri har gilashin idonsa ya faɗo.

"Kai ne Malam Salihu? Ni ce mai akuyar. 'Ya'yana sun ɗauki alhakinka, ɗaya da baki, ɗaya da shiru. Na zo in ba ka haƙuri da kaina."

"Haba Hajiya, haba. Wallahi da kin aiko ma ya isa." Ya jawo mata kujerarsa yana goge ta da hannun riga.

Ta zauna. Ta tambaye shi mutanen gida, ta tambaye shi garinsu, ya ce Mai Wurno, ta ce ai ayarin kakanta ya yi shekara biyu a can kafin su ƙetare teku. Suka shiga lissafin unguwanni da sunayen mutanen da duk sun rasu. Raed ya aika aka kawo shayi. Yahya yana tsaye a bakin ƙofa rungume da kula, masu shigowa suna ratsa shi suna kallonsa, ba wanda ya ce ya ajiye, shi kuma bai ga fuskar tambaya ba. Haka ya tsaya har aka kira magariba.

An sabunta wa Usta iƙamarsa a kan lokaci. Sai dai waɗanda suka ji ihun ranar Asabar sun fi waɗanda suka ji gyaran ranar Talata yawa, kuma an ɗauki watanni kafin wasunsu su dawo da madubansu teburinsa. Abdulmohsen ya je shi ma ya ba da haƙuri, amma ya yi kusan wata uku in sun haɗu da Yahya a gidan Hajiya, sallama ce kawai ke haɗa su.

Karnukan kuwa, waya aka ƙara. Abdulmohsen ya sayo mai tsayi, wadda ake binne gindinta a ƙasa. Yahya bai jira an kira shi ba, Juma'a biyu a jere yana zuwa tun asuba, shi da Malam Bilal suna haƙa ramukan turaku har rana ta yi zafin da ba a iya riƙe diga. A rana ta biyu, suna hutawa a inuwar ɗakin dusa, Malam Bilal ya miƙo masa kofin gahawa ya ce kusurwar arewa tana son ƙarin siminti. Yahya ya ce zai taho da buhu biyu ranar Litinin.